Yadda Marubucin Fim Zai Mutunta Basirar Mai Kallo

Mai kallon finafinan Hausa a yau ya sha bamban da na zamanin kaset ɗin bidiyo, domin yana kallon Arewa24 tun 2014, yana bin shirye-shirye masu dogon zango a YouTube, kuma ya saba da fassarar finafinan Indiya, saboda haka nan da nan yake gane labarin da aka raina masa hankali a cikinsa.

Matakin farko shi ne marubuci ya bi rubutunsa fitowa bayan fitowa, ya goge duk maganar da ke maimaita abin da kyamara ta riga ta nuna. Idan an ga uwargida ta kawar da kai lokacin da amarya ta shigo, babu buƙatar ta je wurin ƙawarta ta bayyana cewa kishi ke damun ta, domin al'ummar da ta taso cikin kunya da kara ta ƙware wajen fahimtar shiru. Mugun cikin labari kuma a ba shi dalilin da ya kai shi ga mugunta, kada zare ido da kiɗan tsoro su zama shaidarsa kaɗai.

Waƙa kuwa, a sanya ta inda take ciyar da labari gaba kawai.

Kafin a fara ɗauka, a karanta labarin ga mutanen da ba 'yan masana'antar ba, a tsaya a tsakiya a tambaye su yadda zai ƙare. Idan duk sun canka daidai, a sake rubuta rabin ƙarshen, sannan a cire doguwar nasihar da aka saba sa wa dattijo a baki a fitowar ƙarshe.