Yadda ake manna fallen katakon da ya ɗago a jikin tsohon agogo mai kiɗa

Agogunan kiɗa na ƙarshen ƙarni na 18, irin waɗanda kafinta David Roentgen da maƙerin agogo Peter Kinzing suka yi a Neuwied ta Jamus, akwatin katakon da ke ɗauke da injinsu ya kwaikwayi gine-ginen Girka da Rum: ginshiƙai miƙaƙƙu da adon tagulla mai ruwan zinare. Katakon mahoganin da ake gani a waje falle ne siriri da aka manna a kan wani katakon. Idan iska ta bushe, na cikin ya tsuke, sai fallen ya kumbura ko ya ɗago.

Da farko a sauke ƙarafan nauyi, sannan a zare abin lilon, sai a ciro injin. A ajiye gangar kiɗan, wato silinda mai ƙananan ƙusoshi da ke juyawa tana fitar da waƙar, nesa da wurin aiki; ƙusa ɗaya ta lanƙwashe a jikinta, waƙar ta ɓaci. Idan agogon na sarewa ne, kada ruwa ko zafi ya kusanci fatar zugazuginsa.

A kwance adon tagullar da ke kusa, kowace ƙusa a san raminta, domin da hannu aka yi su, ba sa shiga ramin juna. Kada a goge tagullar da man goge ƙarfe. Yana kankare ruwan zinaren.

A ƙwanƙwasa fallen da farce. Inda ya yi ƙarar fanko, nan ya saki.

Gam ɗin fatar dabba za a yi amfani da shi, wanda masu agogon suka sa tun asali. A jiƙa awo ɗaya na gam a awo biyu na ruwan sanyi cikin kwalba ya kwana, a ɗora kwalbar cikin ruwan zafi har ya narke a kusan digiri 60 na ma'aunin Celsius. In ya tafasa, ƙarfinsa ya ragu. Farin gam na kasuwa kuwa a bar shi: ba ya kama tsohon gam, kuma mai gyaran gaba sai ya fasa fallen kafin ya cire shi. Na fata da ɗumi da danshi kaɗai yake saki.

A ɗaga bakin fallen da siririyar wuƙa, a fitar da ƙura, a tura gam da sirinji. Yana daskarewa cikin minti ɗaya ko biyu, shi ya sa ake ɗumama guntun katakon dannewa tun kafin a fara. A shimfiɗa takarda mai kakin zuma, a ɗora katakon, a matse daidai wa daida. Matsi ya yi yawa, gam ɗin ya tsere, fallen ya sake ɗagowa. A bari awa 24.

Gam ɗin da ya fito a share shi da auduga mai ɗan danshi, ban da sifirit, domin yana narkar da shelak, wato man ƙyallin da aka shafa wa katakon. Bayan an mayar da injin, agogon ya zauna inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari, nesa da taga da na'urar sanyaya ɗaki.