Babi na Shida: Waken Zamani da Lafiyar Ƙasar Gona

Darasi na Ɗaya

Iyayena da 'yan'uwana ɗalibai, da yawanku kun tambaya ko waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar a shekarar 2019, yana kashe ƙasa. An sanya wa wannan wake wata ƙwayar gado daga wata ƙaramar halitta mai suna Bt, wadda ita kanta a cikin ƙasa take rayuwa, domin ya kashe tsutsar da ke huda furen wake da kwansonsa. Masana sun gano cewa canjin da irin wannan shuka take kawo wa ƙananan halittun ƙasa kaɗan ne, bai kai wanda yanayin damina da irin noman da ake yi suke kawowa ba. Duk da haka, gara kowa ya duba gonarsa da idonsa.

Darasi na Biyu

A saiwar wake akwai 'yan dunƙule-dunƙule kamar ƙwayar dawa, kuma a cikinsu ne halittun da suke ɗebo sinadarin taki daga iska suke zaune. Idan wake ya fara fure, ku zaɓi gindi ɗaya, ku haƙa kewayensa da hauya, ku ɗago shi tare da ƙasarsa. Ku haƙa, kada ku fizga. Wanda ya fizga zai bar dunƙulen a ƙasa, musamman a jigawar Sakkwato idan ta bushe, sannan ya ce babu komai. Kada wanda ya kuskure ya ji kunya, sai ya sake gwadawa a wani gindin. Amma bara na faɗi wannan sau uku, aka kawo mini saiwa tsirara kamar an aske ta, kuma wannan rashin saurare ne. Ku haƙa.

Bayan haka ku wanke saiwar a hankali cikin kwanon ruwa, ku tsaga dunƙule ɗaya da reza. Idan cikinsa ja-ja ne, halittun suna aiki. Idan fari ne ko kore, ba sa aiki. Ku yi haka ga waken gida ma, ku kwatanta.

Darasi na Uku

Ko wane iri kuka shuka, ku zuba takin gargajiya, kuma kada ku ƙone karan gona.

Darasi na Huɗu

Ku rubuta launin da kuka gani, ku kawo ranar Asabar.