Kurakuran da 'yan kwamitin ƙungiya ke tafkawa a WhatsApp da Facebook

Na daɗe ina riƙe da kujerar sakatare a ƙungiyar ci gaban unguwarmu, kuma duk zaɓen da aka yi sai in ga sababbin 'yan kwamiti sun auka ramin da muka auka. Na gaji da jan mutum gefe bayan ɓarna ta riga ta faru.

Babban kuskure shi ne ɗora sirrin ɗan ƙungiya a waya. Ni na yi shi, kuma har yau yana min ciwo. Wani dattijo ya same ni a soro bayan magariba, murya ƙasa-ƙasa, ya ce matarsa na kwance a asibiti, kuɗin aiki ya gagare shi, a taimaka amma kada kowa ya ji. Da dare na ɗauki saƙon murya domin 'yan kwamiti, na ambaci sunansa da larurar matar da adadin kuɗin. Sai na tura cikin babban zauren WhatsApp da kowa ke ciki maimakon zauren kwamiti, saboda hoton zaurukan biyu iri ɗaya ne, sunayensu ma kusan ɗaya. Ban farga ba sai da asuba. WhatsApp yana ba ka kusan kwana biyu ka goge saƙo ga kowa, na kuwa goge, amma magana zarar bunu ce. Matasan unguwa sun riga sun ji. Washegari dattijon ya aiko ɗansa da kuɗin da muka ba shi cikin ambulan, ko buɗewa bai yi ba, kuma bai sake taka ƙafa wurin taronmu ba. Na je gidansa sau uku ban haƙuri. Ya ce ya yafe, amma na ga abin da na karya a fuskarsa.

Tun daga ranar, sunan mai neman taimako ba ya hawa waya, ko a zauren kwamiti. A rubuce nake cewa akwai buƙata, mu haɗu bayan la'asar. Suna kuwa sai a zaune, baki da baki. Zauren kwamiti na sa masa jan hoto da ba ya kama da komai. Wanda ke ganin na tsananta, ya sani dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin abubuwan da ake tsananta kiyayewa.

Na biyu ya ci mana kuɗi. Wani ya kira ma'ajinmu, ya gaishe shi da Alhaji, ya ce akwai taron gaggawa ta intanet da daddare, an turo masa lamba shida, ya karanto a shigar da shi. Ya karanta. Lambar nan ita ce makullin WhatsApp ɗinsa. Kafin sallar isha'i ɓarawon ya bi 'yan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya da hoton ma'aji da sunansa, yana cewa a turo kuɗin wata cikin sabon asusu. Mutane suka tura, don me ba za su tura ba? Mu muka saba musu da biya ta asusun ma'aji na kansa, yau wannan banki gobe wancan.

Haba jama'a! Kuna riƙe da amanar mutane, amma minti biyu na kunna tabbatarwa mai mataki biyu ya gagare ku? Shiga saitunan WhatsApp, sa lambar sirrinka, shi ke nan. Babu taron da ake shiga da lambar da WhatsApp ya turo maka. Sannan ku yi wa ƙungiya rajista a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ku buɗe asusu da sunanta, mutum biyu su riƙa sa hannu, a liƙa lambar asusun a bayanin zaure. Mu mun kafa doka: duk saƙon da ya nemi kuɗi, ko daga shugaba ne, kira shi ka ji muryarsa tukuna.

Sai siyasa. Kana da 'yancin son ɗan takararka, amma in ka liƙa fostarsa a Facebook alhali ƙarƙashin sunanka an rubuta shugaban ƙungiya kaza, rabin membobinka sun ɗauka an sayar da su. Ni lokacin zaɓe cire muƙamina nake daga shafina. Wasu abokan aikina sun ce wuce gona da iri ne; ban canza ba.

Kada ka tura labarin da ba ka tantance ba. Ku tuna ruwan gishirin 2014 lokacin Ebola, yadda aka tashi mutane cikin dare ana sha ana wanka, har aka rasa rayuka. Idan sakatare ne ya turo, mutane ba sa tambaya.

Kada ka zargi mutum da cin kuɗi a zaure. Akwai mai binciken kuɗi, kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, ko bayan gyaran 2024, yana kai mutane gaban 'yan sanda. Kada ka amsa zagi da tsakar dare. Rabon abincin azumi, ɗauki hoton buhuna, bar fuskar marayu da zawarawa.

Kuma kada mutum ɗaya ya riƙe shafin ƙungiya shi kaɗai, domin ranar da ya faɗi zaɓe ko ya yi fushi, da shafin zai tafi. A wurinmu mutum uku ne admin. Ranar miƙa mulki, kafin a buɗe taro da addu'a, kowane sabon ɗan kwamiti sai ya ciro wayarsa ya sa lambar sirri a gabana, sannan in shigar da shi zauren mai jan hoto.