Yadda ake zuwa kallon gasar hokin ƙanƙara ta duniya

Mutane sun sha tambayata yadda ake shirya wannan tafiya. Ga matakan.

1. Duba jadawali tukuna. Ana yin gasar IIHF, wato hukumar hokin ƙanƙara ta duniya, a watan Mayu, ƙasashe 16 a rukuni biyu.

2. Gano birnin da ƙungiyarka take. A nan aka fi yin kuskure: sau da yawa kowane rukuni da nasa birnin. A 2024, a ƙasar Czech, rukuni ɗaya na Firag, ɗayan kuma na Ostrava, tafiyar sa'o'i a jirgin ƙasa.

3. Sayi tikiti a shafin gasar kawai. Ka guji masu sayarwa a bakin ƙofa.

4. Kama masauki da wuri, kusa da tashar jirgi ko ta bas.

5. Sa rigar sanyi. Waje na iya yin ɗumi, amma kusa da ƙanƙara sai ka ji shi har ƙashi.

6. Karanta dokar jaka kafin ka fito. Babbar jaka takan tsaya a ƙofa.

7. Isa filin awa ɗaya kafin a fara.

8. Zauna idan ana wasa. Kada ka tashi sai alƙali ya busa, kuma idonka na kan baƙin faifan robar da ake bugawa da sanda, don yakan tsallake gilashin da ya kewaye ƙanƙarar ya faɗo cikin 'yan kallo.

9. Yi uzurinka lokacin hutu. Wasan zubi uku ne, kowanne minti 20.

10. In an tashi kunnen doki, kada ka fita, akwai ƙarin lokaci.