Kurakuran da ɗalibai ke maimaitawa a TASEP: girman ƙwaya da ɓallewarta

Duk shekara idan lokacin furojet ya kama, ɗalibai kan yi mini sallama a nan Kaduna da kwamfuta a hammata, "Malam, lissafin ya ƙi fita." Ina dubawa sai in tarar da kuskuren bara. Bakina ya gaji, shi ya sa na rubuta.

TASEP tsarin lissafi ne na jerin gurabe da ƙwayoyi ke bi gaba kawai, su shiga ta ƙofa ɗaya su fita ta ɗaya, ba mai shiga gurbin da wata ke ciki. MacDonald da Gibbs da Pipkin suka fito da shi a 1968 don bayyana tafiyar ribosom (injin haɗa furotin a cikin ƙwayar halitta) a kan mRNA (zaren saƙon da yake karantawa), kuma ribosom ɗaya kan rufe kodon (wato guraben zaren) kusan 10. To, don Allah, me zai sa ka ba ƙwayarka girman ℓ, wato ta rufe gurabe ℓ, sannan ka auna kwarararta J da ρ(1−ρ), inda ρ shi ne yawan ƙwayoyi a kan kowane gurbi? Wannan na ƙwaya mai gurbi ɗaya ne. Je ka tsaya a Kawo da yamma: tirela goma da Keke Napep goma ba cunkoso ɗaya suke haɗawa ba. Lissafin daidai shi ne J = ρ(1−ℓρ)/(1−(ℓ−1)ρ), kuma ƙololuwarsa 1/(1+√ℓ)². Idan ℓ ya zama 9, za ka samu 1/16, ba 1/4 ba. Ni kafin komai sai na sa ℓ = 1 na ga 0.25 da idona.

Na biyun kuwa ni ma ya taɓa cin ni. Ƙwaya tana iya hawa ko ɓallewa daga tsakiyar layi, kamar kinesin, furotin mai dakon kaya a cikin ƙwayar halitta, da ke taku na nanomita 8, ya yi taku wajen 100 ya saki hanya. Na sa saurin ɓallewa 0.01 a layi mai gurabe 1000, ban raba shi da tsawon layin ba. Mako uku ina sayen man janareta, ina kwana gaban allo, cunkoson ya shimfiɗe fayau, babu alamar katangar da ke raba yanki mai cunkoso da mara cunkoso. Ashe Parmeggiani da Franosch da Frey sun nuna tun 2003 cewa sai an rubuta ω = Ω/N, wato saurin ɓallewa ω ya zama lamba Ω a raba da yawan gurabe N, in ba haka ba hawa da sauka su danne tasirin ƙofar shiga da ta fita. Yanzu Ω nake rubutawa a layin farko, kwamfuta ta raba da kanta. Kada wanda ya sake kawo mini ω tsirara!

Kuma ku tuna, ƙwaya mai girman ℓ ba ta hawa sai ta samu gurabe ℓ a jere babu kowa. In ta sauka, ku share dukkansu, ba gurbi ɗaya kaɗai ba.

Sauran ƙanana ne. Zubar da awon farko har tsarin ya lafa. Kada ka motsa ƙwayoyi duka lokaci guda sannan ka kwatanta da lissafin zaɓen gurbi ɗaya-ɗaya a kan sa'a. A jikin kowane zane kuma, rubuta ko ρ kake nufi ko ℓρ.