Yadda za ka kama babban otal a bakin Harami idan za ka Umra da tsohuwa

Zuwana Umra na farko, wani ejan ya rantse mini cewa masaukinmu "a bakin Harami yake". Ashe can ƙasan Misfala ne, wata unguwa a Makka, tafiyar kusan rabin awa cikin rana. Da ƙuruciyata na jure. Amma da zan kai Hajiyarmu, wadda gwiwa ta daɗe tana damunta, na ce ko da zan rage tsaraba, sai mun sauka inda za ta ji kiran salla ta taka da ƙafarta.

Kafin ka biya ko sisi, ka nemi cikakken sunan otal ɗin, ka buɗe taswira a wayarka ka ga ƙofar Harami da ta fi kusa da shi. Kada yawan taurari ya ruɗe ka. Gine-ginen agogon nan, Abraj Al-Bait, wanda hasumiyarsa ta kai mita 601, suna fuskantar Ƙofar Sarki Abdul'aziz, kuma a cikinsu akwai Fairmont da Swissôtel da Pullman Zamzam. Ta yamma kuma akwai Jabal Umar, inda Conrad da Hyatt Regency suke, sai dai wasu gine-ginen can suna kan tudu, ka tambaya tukuna.

Ɗakuna iri uku ne: mai kallon gari, mai kallon Harami, da mai kallon Ka'aba, kuma tazarar kuɗinsu ba ƙarama ba ce. Shawarata, idan aljihu bai yi nauyi ba, ka kama mai kallon gari, tunda nisan ɗaya ne. Mu dai kwana biyun ƙarshe na mayar da mu mai kallon Ka'aba. Har yau ina ganin Hajiya a kan kujera jikin taga bayan Isha'i, carbi a hannu, shayinta ya huce ba ta sani ba, tana kallon masu ɗawafi suna zagayawa kamar ruwa. Ban taɓa da-na-sanin wannan kuɗin ba.

Ka tabbata karin kumallo na cikin farashin. Ka kuma tambayi lokacin da ake ba da makulli, domin galibi sai wajen La'asar. Idan jirginku zai sauka Jidda da asuba, ka sanar da su tun kana gida, kada tsohuwa ta wuni a zaure da harami a jikinta. Keken guragu ma a teburin karɓar baƙi ake nema, da wuri.

Sai batun lif, wanda ba kowa ke faɗa maka ba. Da an doshi lokacin salla cika yake yi maƙil, wani wurin ma sai ka sauya lif biyu kafin ka taka ƙasa. Mu muna fitowa da alwalarmu minti arba'in kafin kira, ranar Juma'a kuwa tun hantsi.

Goman ƙarshe na azumi farashi ninkawa yake yi, haka ma hutun Disamba yana tashi. Mu a watan Safar muka je, akwai zafi amma da sauƙin kuɗi da cunkoso, kuma wata uku kafin tafiya na kama ɗakin.