Yadda za ka gwada ko bayanin kayan aikinka yana yi wa ejan ɗin AI jagora ko ɓatar da shi yake

Tun da kamfanin OpenAI suka fito da tsarin da AI ke kiran kayan aiki a watan Yuni 2023, kamfanin Anthropic kuma suka saki MCP, wato ƙa'idar haɗa AI da kayan aiki na waje, a Nuwamba 2024, kowa ya duƙufa haɗa wa ejan, wato AI ɗin da ke aiwatar da aiki da kansa, kayan aiki, wannan na duba oda, wancan na tura saƙo. Amma fa ejan ba ya ganin kod ɗinka ko layi ɗaya. Abu uku ne kawai a gabansa: sunan kayan aikin, bayanin da ka rubuta a kai, sai guraben da zai cike waɗanda ake tsarawa da JSON Schema, wato tsarin da ke fayyace irin abin da kowane gurbi zai karɓa. In ya yi shirme sai ka ji ana cewa AI ɗin ne daƙiƙi, alhali kai ne ka aike shi ba ka yi masa kwatance ba.

To da farko ka rufe kod ɗin, ka kwafi suna da bayani da gurabe kaɗai ka tura wa wani abokinka da bai san aikin ba, ka ce ya faɗa maka yaushe zai yi amfani da wannan, yaushe kuma ba zai taɓa shi ba. Duk inda ya tsaya ya ce "me kake nufi a nan?" ka sa alama, don shi ejan sau tari ba zai tambaye ka ba, cankowa zai yi ya wuce abinsa.

Sai ka rubuta tambayoyi kamar 30 irin waɗanda mutane ke turowa da gaske, har da masu guntun zance da kuskuren rubutu, kowacce ka rubuta a gefenta kayan aikin da ya kamata a kira da abin da za a sa a gurabe, kuma tun kafin ka kunna komai za ka rubuta, in ba haka ba zuciyarka za ta riƙa yi wa ejan uzuri. Ka tabbata akwai waɗanda ba sa buƙatar kiran komai, kamar mutum ya yi sallama kawai. Ka kuma matsa a kan 'yan biyu, wato irin nemo_oda da kawo_oda, ɗaya da sunan mai saye yake nema, ɗaya sai da lambar oda, in bayanin bai raba su ba za ka ga ejan yana ƙirƙiro lambar da babu ita don dai ya cike gurbi.

Yanzu ka kunna, kowace tambaya sau 5 aƙalla, saboda waɗannan abubuwan yau su dace gobe su kauce a kan tambaya ɗaya tak. Kuma kar ka tsaya a amsar ƙarshe, wallahi ta iya daɗin baki. Rajistar kiraye-kirayen za ka buɗe ka bi ɗaya bayan ɗaya: wane ya kira, me ya zuba a ciki, sau nawa ya sake.

Nan na taɓa kwasar kunya. Ina da gurbi na kuɗi da na rubuta wa "adadin kuɗi" kawai, ita kuwa hanyar biyan da kobo take lissafi, yadda Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, ma suke yi, naira ɗaya kobo 100. Na ce wa ejan ya karɓi naira 5,000, ya tura 5000 ɗin yadda take, aka yanki naira 50, shi kuma ya dawo da fara'arsa wai an kammala. Allah ya taimake ni a gwaji ne ba kuɗin gaske ba. Da na gyara zuwa "adadi a kobo, misali naira 5,000 a rubuta 500000" ban sake ganin matsalar ba. Kwanan wata ma haka yake, 03/04 Maris ne ko Afrilu? Ka faɗi tsarin ƙarara ka ba da misali.

Wajen gyara, abu ɗaya za ka taɓa ka sake kunna duka tambayoyin, don gyaran bayanin wannan yakan janye ejan daga wancan. Anthropic a takardunsu sun ba da shawarar jimla 3 zuwa 4 aƙalla ga kowane kayan aiki, ni dai a ganina jimlar da ta fi tsada ita ce mai cewa kar a yi amfani da shi in kaza ne. Ka ware tambayoyi 10 ka ɓoye, kar ka kalle su lokacin gyara, sai a ƙarshe ka kunna su, nan za ka gane ko bayanin ya gyaru ne ko dai ka yi wa jarrabawarka satar amsa.

Saura abu ɗaya da ake yawan mantawa, ka lalata kiran da gangan ka ga me ejan zai yi. In saƙon kuskuren lamba 400 ce tsirara, zai yi ta maimaita abu ɗaya ko ya haƙura, amma in ya ce "lambar oda da ORD take farawa, in ba ka da ita ka kira nemo_oda" za ka ga ya gyara da kansa a kira na biyu. Masu goge abu ko tura kuɗi kuwa, a asusun gwaji kaɗai za ka yi musu wannan wasan.